Rudolf Diesel: Mai Sana'ar Ƙanƙara Da Ya Ƙera Injin Da Ke Tsoron Sanyi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Sabon Birni ko ta Isa ya san manyan motocin nan da ke lodin albasa da wake da dabbobi zuwa kudu. A goshin wasu tsofaffi daga cikinsu akwai rubutu da baƙaƙen ƙarfe: MAN a sama, DIESEL a ƙasa. Mutanenmu da yawa sun ɗauka Hausa ce aka rubuta, wai man dizal, don kada mai zuba mai ya yi kuskure ya ɗura fetur. To, ba haka ba ne. MAN taƙaitaccen sunan wata masana'anta ce ta garuruwan Augsburg da Nuremberg a ƙasar Jamus. Diesel kuwa sunan mutum ne, kuma a wannan masana'antar ya ƙera injinsa na farko.

Tarihin wannan mutum nake son in ba ku, 'yan uwana ɗalibai, saboda dalili biyu. Na farko, ɗan kwalejin kimiyya da fasaha ne kamar ni da ku, ɗan talakawa da ya yi karatu da tallafi. Na biyu, hunturu lokaci ne da direbobin garuruwanmu ke fama da motocin da ke ƙin tashi da asuba. Wanda ya san yadda Diesel ya yi tunani zai gane abin da ke hana motar tashi, zai kuma gane cewa ciwon motar Gobir daban yake da na motar Rasha ko Kanada, ko da yake duka da sunan sanyi ake kuka.

Yaron da yaƙi ya kora

An haifi Rudolf Diesel a birnin Paris ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne 'yan ci-rani. Mahaifinsa, Theodor, mutumin Augsburg ne, sana'arsa ɗinkin littattafai da aikin fata, wato kusan abin da za mu kira baduku. Mahaifiyarsa, Elise, 'yar Nuremberg ce. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya uku. Gidan ba wadata, yaron ya tashi yana taya uban aiki a shago, yana kai wa masu saye kayansu.

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa. Aka wayi gari duk Bajamushen da ke Paris ya zama abin zargi, aka ce su fita. Iyalin Diesel suka tattara abin da za su iya ɗauka suka tsere Landan. Mu da muka fito daga gabashin Sakkwato ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Mun san mutanen da suka kwana da gida da gona suka tashi suna gudun hijira a Gidan Runji ko Maraɗi, mun kuma san yaran da karatunsu ya tsaya daga ranar.

Na Rudolf bai tsaya ba, saboda zumunci. Kafin shekarar ta ƙare, yana ɗan shekara 12, iyayensa suka tura shi Augsburg wajen dangi, gidan Christoph Barnickel da matarsa Barbara. Barnickel malamin lissafi ne a makarantar koyon sana'a ta garin, shi ya riƙe yaron ya sa shi a makarantar. Yana shekara 14 ya rubuta wa iyayensa wasiƙa cewa shi injiniya yake son zama. A 1873 ya gama shi ne na ɗaya a ajinsu, ya wuce makarantar masana'antu ta Augsburg. A 1875 ya sami tallafin karatu zuwa kwalejin kimiyya da fasaha ta Munich, wadda a yau ta zama babbar jami'ar fasaha ta birnin. Iyayensa ba su so ba. Su dai so suke ya kama aiki ya fara kawo abin sakawa a bakin salati. Ya tafi duk da haka.

Darasin da ya hana shi barci

A Munich ya haɗu da malamin da ya juya rayuwarsa, Farfesa Carl von Linde, wanda ya shahara wajen ƙera injin sanyaya kaya. Fasahar da firjin gidanku ke aiki da ita tana da tushe a aikin wannan malami. A wani darasi na 1878 Linde ya bayyana wa ɗalibai cewa injin tururi, wanda shi ne sarkin injuna a lokacin, kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari kawai na zafin gawayin da ya ci yake mayarwa aiki. Sauran duk asara ce, tana bin hayaƙi da iska. Ka ɗauka ka sayi buhun gero goma, tara suka zube a hanya, ɗaya kaɗai ya iso gida.

Sauran ɗalibai sun rubuta wannan don jarrabawa. Diesel ya rubuta shi ya riƙe a zuciya. Tun 1824 wani Bafaranshe, Sadi Carnot, ya nuna a lissafi cewa ribar inji tana ƙaruwa ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin da ya kai da sanyin da ya sauka. Diesel ya ƙudurta sai ya ƙera injin da zai matsa kusa da lissafin Carnot.

A 1879, ana gab da jarrabawar ƙarshe, zazzaɓin taifot ya kwantar da shi. 'Yan ajinsu suka gama suka bar shi. Da ya warke, maimakon zaman jiran wata jarrabawa, ya tafi masana'antar Sulzer da ke Winterthur a ƙasar Suwizalan ya yi aikin hannu cikin maƙera da masu haɗa inji. Shi ne kwatankwacin horon masana'antu da ake tura mu, wanda wasunmu ke zuwa a sa musu hannu a littafi kawai su dawo. A Janairun 1880 ya koma ya zauna jarrabawar, ya fito da sakamakon da ba a taɓa samun irinsa ba tun kafa makarantar.

Shekara goma cikin ƙanƙara

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: aikin Diesel na farko ƙanƙara ce. Ya koma Paris ya kama aiki a masana'antar ƙanƙara ta kamfanin malaminsa Linde, shekara ɗaya kacal aka ba shi shugabancinta. Takardar mallakar fasaha ta farko da ya samu, a 1881, a kan hanyar yin ƙanƙara garai-garai ce a cikin kwalba. A 1883 ya auri Martha Flasche, suka haifi 'ya'ya uku: Rudolf, Hedwig da Eugen. A 1890 kamfanin ya mayar da shi Berlin.

Kada ku ɗauka shekarun nan ɓata lokaci ne. Injin ƙanƙara da matsi yake aiki. Ana matse iskar ammoniya sai ta yi zafi, a bari zafin ya fita, sannan a sake ta ta buɗe, sai ta yi sanyi ƙarara. Shi ya sa bayan firji ke da ɗumi alhali cikinsa na daskarar da ruwa. Shekara goma Diesel yana kallon wannan kullum: in ka matse iska ta yi zafi, in ka sake ta ta huce. Wanda ya taɓa ba tayar keke iska da famfo ya ji gindin famfon ya ɗau zafi a hannunsa ya san rabin sirrin.

Ya fara gwada injin da zai yi aiki da tururin ammoniya, abin bai yi ba. Daga nan tunaninsa ya koma kan iskar da muke shaƙa. In an matse ta sosai a cikin silinda, zafinta kaɗai zai isa ya kunna mai. Ba ashana, ba tartsatsi, ba fulogi.

Shekara huɗu a Augsburg

A Fabrairun 1893 hukumar Jamus ta ba shi takardar mallakar wannan fasaha, mai lamba 67207. A shekarar ya wallafa ɗan littafi yana bayanin lissafinsa. Masana da dama suka ce mafarki ne, ba ƙarfen da zai jure irin matsin da yake magana. Amma Heinrich von Buz, shugaban masana'antar injuna ta Augsburg, ya yarda ya ba shi wuri da ma'aikata, kamfanin Krupp kuma ya sa kuɗi. Diesel ya ajiye aikinsa mai albashi ya shiga abin da ba tabbas.

Ranar 10 ga Agusta, 1893, aka yi gwajin farko. Man ya kama da wuta, amma da ƙarfin da ya tarwatsa na'urar awon matsi. Injin bai juya da kansa ba, sai dai an tabbatar matsi kaɗai na iya kunna mai. A Fabrairun 1894 inji ya yi gudu da ƙarfin kansa na minti ɗaya. Minti ɗaya tak, bayan wata da watanni ana kwancewa ana ɗaurawa. Sai ranar 17 ga Fabrairu, 1897, Farfesa Moritz Schröter na kwalejin Munich ya auna inji na uku a hukumance. Silinda ɗaya gare shi, tsayinsa ya kai mita 3, nauyinsa ya haura tan 4, ƙarfinsa wajen doki 20. Sakamakon ya nuna yana mayar da kashi 26 cikin ɗari na zafin mai zuwa aiki, ya ninka injin tururi fiye da sau biyu. Wannan inji yana nan har yau a gidan tarihin kimiyya na Munich.

Ku lura da yadda yake aiki, don a nan maganar sanyi take. Fistin ya sauka ya zuƙo iska zalla. Ya hau ya matse ta, a injunan yau har sai ta koma kashi ɗaya cikin 15 zuwa 20 na girmanta. Zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. A daidai lokacin nozul ya fesa mai kamar hazo, man ya kama da kansa, ya tura fistin ƙasa. Ke nan wutar injin dizal ba daga waje take zuwa ba, shi yake haifar da ita da ƙarfin matsinsa. Duk abin da ya sace wannan zafi, ko ya rage wannan matsi, ya kashe wutar tun ba ta kama ba.

Dukiya, gyaɗa da ƙarshen duniya

Daga 1897 kuɗi suka fara shigowa kamar ruwan Agusta. Attajirin Amurka Adolphus Busch ya biya mak miliyan ɗaya, kuɗin Jamus na lokacin, don ya sami izinin ƙera injin a ƙasarsa. Emanuel Nobel ya sayi na Rasha. Inji na farko da aka sayar don aiki an kafa shi a wata masana'antar ashana a garin Kempten a 1898. Sai dai an yi gaggawar kai kaya kasuwa. Injunan farko suka riƙa lalacewa a hannun masu saye, ana dawo da wasu. Abokan hamayya kuma suka taso cewa injin da aka ƙera ya bambanta da wanda ya bayyana a takardar mallakarsa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, don aiki ya tilasta masa sauya lissafinsa na farko. Ciwon kai mai tsanani da ya daɗe yana damunsa ya ƙaru, har sai da aka kwantar da shi ya huta.

A baje kolin duniya na Paris a 1900 injin ya ci babbar kyauta. A wajen ne kuma aka tayar da wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa zalla, bisa buƙatar gwamnatin Faransa, wadda ke tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ke da yawa amma ba gawayin ƙasa ba fetur. Diesel ya riƙe wannan magana, a laccocinsa na 1912 ya yi ta nuna cewa ƙasashe masu zafi za su iya noma man injinsu da kansu. Abin lura, a daidai wannan shekara ne cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano bayan isowar jirgin ƙasa. A 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda, gyaɗar ƙasashenmu ta riƙa bi ta can zuwa teku. Mun fitar da gyaɗar, mun sayo man.

Burinsa na asali ba manyan kamfanoni ba ne. Shi ɗan mai sana'ar hannu ne, ya ga yadda masu injin tururi suka danne ƙananan masu sana'a, yana son inji mai araha da maƙeri ko masassaƙi zai ajiye a shagonsa. A 1903 har littafi ya rubuta a kan yadda ma'aikata za su haɗa kai su mallaki masana'antu, ba a saye shi ba sosai. In ka ji ƙarar injin niƙa a Gatawa ko Turba, to can ne burin nasa ya cika, ba a Jamus ba.

Tun yana raye injinsa ya fara karo da sanyi na gaske. A 1903 kamfanin Nobel ya saka shi a jirgin dakon mai Vandal a Rasha. A 1910 Roald Amundsen ɗan ƙasar Norway ya tashi zuwa ƙarshen duniya ta kudu a jirgin ruwa mai suna Fram, wanda aka cire wa injin tururi aka sa masa na dizal. Dalili a bayyane yake: mai kaɗan yake ci, ba ya buƙatar tulin gawayi, kuma ba sai an jira ruwa ya tafasa kafin ya motsa ba. Jirgin ya kai su gaɓar Antatika, ranar 14 ga Disamba, 1911 kuma Amundsen da mutanensa suka isa tsakiyarta da karnuka. A 1912 babban jirgin teku Selandia na ƙasar Denmark ya fara jigila da injin dizal.

Daren 29 ga Satumba

A ido, Diesel attajiri ne. Ya gina katafaren gida a Munich, ya je Amurka a 1912 aka karɓe shi kamar sarki, har ya ziyarci Thomas Edison. A ɓoye kuwa dukiyar ta zube. Ya zuba kuɗi a cinikin filaye da haƙar mai, duk suka nutse. Mutumin da ya iya lissafin kowane ɗigon mai a silinda bai iya lissafin aljihunsa ba, kuma bai gaya wa kowa ba.

Ranar 29 ga Satumba, 1913, ya shiga jirgin ruwa Dresden a Antwerp ta ƙasar Beljiyam zai haye Ingila taron wani kamfani a Landan. Ya ci abincin dare da abokan tafiyarsa, wajen ƙarfe 10 ya shiga ɗakinsa, ya bar sallahu a tashe shi 6:15 na safe. Da gari ya waye ba a same shi ba, gadonsa ma ba a kwanta a kai ba. Bayan kwana goma wani ƙaramin jirgin Holan ya tsinci gawa a teku. Ma'aikatan suka cire 'yan kayan da ke aljihu suka mayar da gawar ruwa. Ɗansa Eugen ya shaida kayan na mahaifinsa ne. Matarsa ta buɗe wata jaka da ya bar mata, ta tarar da mak 20,000 da takardun da ke nuna asusunsa ya kusa zama wayam. Yawancin masu tarihi sun karkata ga cewa shi ya jefa kansa, wasu na zargin kashe shi aka yi, ganin ana gab da yaƙin duniya na farko kuma ƙasashe na rububin injinsa don jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa. Shekarunsa 55.

Motar da bai gani ba

Ya mutu bai ga motar kaya mai injinsa tana jigila a hanya ba. Injunan zamaninsa da iska mai matsi suke tura mai cikin silinda, na'urar kuwa ta yi wa mota nauyi. Sai a 1923 kamfanin Benz ya fitar da motar kaya ta dizal, a 1924 MAN ta nuna tata a baje kolin Berlin, a 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon injekta da yawa. Daga nan ne kakannin roka da tirela da tifa suka fito.

Da motocin suka bazu ƙasashen ƙanƙara sai rauninsu ya bayyana ta fuska huɗu. Ƙarfen inji mai sanyi yana shanye zafin matsi kafin mai ya kama. Baƙin mai yana kauri, inji ya yi nauyin juyawa. Batir yana rasa ƙarfi, shi ya sa lambar CCA da kuke gani a jikinsa ake auna ta a digiri 18 ƙasa da sifili. Na huɗu shi ne man kansa. A cikin dizal akwai wani sinadari dangin kakin kyandir. In sanyi ya kai kusa da sifili ya ci gaba da sauka, sai ya fara daskarewa, man ya yi gajimare, ya toshe filta, mota ta mutu a tsakiyar hanya da tanki cike.

Kowace ƙasa da dabararta. A Jamus daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu gidajen mai na sayar da dizal na hunturu, wanda zai ratsa filta har digiri 20 ƙasa da sifili. Akwai na ƙasashen can arewa da ke jure har 44. A Kanada da Alaska ana jona motar da lantarki da dare, wata hita ta riƙa ɗumama ruwan inji. A yankin Yakutiya ta Rasha, inda aka taɓa auna digiri 67.7 ƙasa da sifili a ƙauyen Oymyakon a 1933, direbobi na bin kan daskararrun koguna a matsayin hanya, kuma ba sa kashe inji har su je su dawo, don in ya mutu a daji ƙila direban ma ya bi shi.

Namu hunturun

To mu fa? A Sabon Birni da Isa, ko a tsakiyar Janairu da wuya sanyin asuba ya sauka ƙasa da digiri 10 sama da sifili. A wannan ma'auni dizal, ko gazuwal kamar yadda 'yan uwanmu na hayin iyaka ke cewa, ba ya daskarewa ko kaɗan. Lafiyayyen inji da lafiyayyen batir zai tashi ba gardama. Ke nan motar da ta ƙi tashi a tasharmu ba sanyi ne ya kama ta ba, sanyi tona mata asiri kawai ya yi.

Ciwon namu ƙura ce. Iskar hunturu tana cika filtar iska, mota ta rage ja, sai yaron mota ya cire filtar ya buga ta da taya, wani ma ya huda ta ko ya ajiye ta gaba ɗaya. Daga nan ƙura ta shiga silinda kai tsaye tana cin ringi kamar ana goga yashi. Ringi ya cinye, iska ta riƙa sulalewa, matsi ya ragu, zafi ya ragu. Da rana ba a ganewa, don ƙarfe na da ɗumi. Da asuba sai a yi ta kik, farin hayaƙi na fita ta salansa, wato man da aka fesa bai ƙone ba. Ƙara da batir da ya tsufa, wanda ba ya juya inji da saurin da zai tara zafi, da hitar da ta mutu ba a canja ba a motocin da ke da ita, da man jarkar 'yan bumburutu mai ruwa da datti da ke lalata nozul.

Na sha ganin maganin da ake yi a tasha: a ajiye mota a gangare tun dare don a tura ta, ko a jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin iska, ko a bar inji yana aiki har gari ya waye. Turi dai da sauƙi. Fetur kuwa yana kamawa kafin lokaci, yana iya fasa ringi ko fistin, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Barin inji a kunne kuma, babbar mota na shan wajen lita 3 a awa tana tsaye. Ka lissafa awa takwas da kuɗin lita a yau.

Kuma maganar ta wuce kuɗi. Tattasai da tumatir ba sa jiran bakanike. Halin da hanyoyinmu ke ciki kuwa kowa ya sani. Direban da ya so ya bi ayari da sassafe motarsa ta ƙi tashi, ko dai ya kwana, ko ya bi hanya shi kaɗai a lokacin da bai kamata ba. Motar da ta mutu a daji tsakanin Isa da Shinkafi ba asarar kaya kaɗai ake tsoro ba.

Kanikawanmu gwanaye ne, da kunne suke gane ciwon inji, ba wanda zai raina su. Abin da ba a koya musu ba shi ne dalili, shi kuwa dalilin yana cikin darasin zafi da matsi da muke gudu a aji. 'Yan sashen injiniya, in hutu ya zo ku ari na'urar awon matsi da ta awon batir ku shiga garejin garinku da ladabi, ku gaida maigida, ku roƙi ya bari ku auna mota ɗaya. Ku rubuta matsin kowace silinda ku nuna masa wadda ta gaza. Shi zai koya muku abin da ba ya cikin littafi, ku kuma ku nuna wa mai mota cewa sabuwar filtar iska ta fi sauke inji araha nesa ba kusa ba. Diesel da kansa sai da ya haɗa ajin Linde da maƙerar Sulzer kafin injinsa ya yi gudun minti ɗaya.